Ƙwallon Dabino Talatin da Ɗaya

Shekara goma sha tara Malam Saley ya yi yana ban ruwan dabino a wata gona a Ghuddwa, kudu da garin Sabha, can ƙetaren Sahara, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya sa baki a sha'anin shugabanci ba. Bana ne leburorin gonaki suka taru suka ɗora masa nauyin wakilcinsu, domin shi ne babba a cikinsu, kuma ba a san shi da magana biyu ba.

Ƙungiyar 'yan Nijar mazauna Sabha ce za ta zaɓi sabon shugaba, ga shi kuwa ta rabu gida biyu. Matasa suna so a buɗe rajista, a rubuta sunan kowa da lambar wayarsa. Dattawa sun tsaya a kan tsohuwar hanya, cewa kada a rubuta sunan kowa, tun da yawancin mutane ba su da takardar zama, kuma ba wanda ya san hannun da littafin zai faɗa gobe. Matasa sun riga sun tsayar da mutum ɗaya. Dattawa ne suka kasa, saboda mutum biyu a cikinsu kowa ya ce shi zai tsaya, sai aka kira taron wakilai ashirin da biyu domin a fitar da gwani.

Na farko shi ne Alhaji Mainassara, wanda yake riƙe wa wani Balarabe gonar da Saley yake aiki. Shi ya ba Saley aikin, shi ya ba shi ɗakin da yake zaune da matarsa Hindatou. Na biyu shi ne Souleymane magini, wanda idan lebura ya faɗo daga kan dabino, shi ake fara gani a bakin asibiti. Leburorin Ghuddwa suka ce Souleymane suke so, domin duk kukan da suka kai wa Alhaji, amsarsa ɗaya ce, a yi haƙuri. Saley ya karɓi saƙon ne da sanin cewa zaɓen dattawa a ɓoye ake yinsa. Ana ba kowane wakili ƙwallon dabino ɗaya, ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya jefa a tulun wanda ransa ya kwanta da shi. Ba wanda zai san abin da wani ya yi, balle Alhaji.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka hallara a unguwar Jadid, a tsakar gidan Maman Sani mai shago. Wannan ne karo na farko da aka yi taron a gidansa, domin dattijon da ya saba karɓar baƙuncinsa ya rasu. Maman Sani mutum ne mai son a fita kunyar baƙo. Lokacin girbi ne, sai ya sa aka jera farantan sabon dabino a kan tabarmi tun kafin mutane su gama zama. Bai san cewa a tsohon gidan ba a taɓa fito da dabino sai bayan an ƙirga ƙuri'a ba, waɗanda suka sani kuma suka ji nauyin hana mai gida karamcinsa. Aka ci, aka sha shayi. Wani Bazabarme ya riƙa tsokanar Bagobirin da ke kusa da shi, yana cewa a janye masa faranti kafin ya haɗiye ƙuri'arsa.

Da aka raba ƙwallaye, Saley ya shiga ɗakin a bayan mutum takwas. Ya jefa nasa a tulun Souleymane, ya fito da zuciya wasai, har ya gaishe da Alhaji ba tare da idonsa ya yi nauyi ba.

Malam Chamsoudine, limamin da aka ɗora wa ƙirga, ya juye tulunan biyu a kan farin ƙyalle. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sa'an nan ya ɗaga kai.

"Jama'a, mu ashirin da biyu ne. Ƙwallo kuwa talatin da ɗaya."

Nan gida ya yamutse. Mutanen Alhaji suka ce na Souleymane ne suka yi guzurin abin da suka tsotsa, na Souleymane suka mayar musu da maganar. Maman Sani ya tsaya a bakin zaure yana rantsuwa cewa shi alheri ya nufa. Wani ya kawo shawarar a sake da tsakuwa, aka nuna masa cewa tsakar gidan duk tsakuwa ce. Aka ce a rubuta a takarda, sai aka tuna rabin wakilan ba su iya rubutu ba, kuma abin kunya ne waɗanda suka taru don ƙin rubuta suna su ɓuge da rubuta suna. A ƙarshe Alhaji Mainassara ya miƙe cikin natsuwa, ya ce tun da amana ta yi ƙaranci, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, ido na ganin ido. Liman ya duba fuskoki, bai ga mai wata dabara ba, ya amince.

Saley ya so ya nemi uzurin alwala, amma an riga an rufe ƙofa don kada a ƙara mutum ko a rage. Layi biyu suka fara tsawo. Alhaji bai kira shi ba, ya dai matsa kaɗan ya bar gurbi a bayansa, irin yadda ake bar wa na gida wuri a sahu. Saley ya tuna mutum arba'in da suka aiko shi, ya tuna Hindatou da ciwon ƙafarta da ba zai bar ta ta sake yin hanyar Sahara ba. Sai da kowa ya tsaya, saura shi kaɗai a kan tabarma, sa'an nan ya tashi ya je bayan Souleymane, kansa a sunkuye.

Aka ƙirga, goma sha ɗaya da goma sha ɗaya.

Liman ya ce ba za a watse a haka ba, matasa na jiran su ji dattawa sun kasa. Ya ja 'yan takarar biyu da wasu manya uku zuwa cikin ɗaki. Wakilai suka zauna a rana har aka yi la'asar, ba wanda ya tambaye su kome. Da suka fito, hannun Souleymane yana cikin na Alhaji. Aka sanar cewa Souleymane ya janye don haɗin kai, zai zama mataimaki, Alhaji Mainassara ne ɗan takarar dattawa. Aka shafa fatiha.

Saley ya tari Souleymane a bakin ƙofa, ya tambaye shi a hankali me zai gaya wa mutanen Ghuddwa. Souleymane ya dafa kafaɗarsa, ya ce manya sun sa baki, ba yadda zai yi, sa'an nan wasu suka janye shi suna yi masa murna.

Alhaji ne ya iso da kansa, fuskarsa a sake.

"Malam Saley, yaya mai ɗakinka da ƙafa?"

"Da sauƙi, Alhaji."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ka sha wahala a gonar nan, jiki kuma ya fara gajiya. Idan an gama girbi, ka miƙa wa Nasirou, yaron nan da ke taya ka aiki, makullin injin ruwa. Shi ma yana da iyali, zai buƙaci ɗakin."

"Alhaji, saƙon mutane ne na kawo."

"Na sani. Ai ka isar."

Saley ya fita ya tsaya a bakin titi inda leburori ke jiran masu ɗaukar aiki, wurin ya kusa zama fayau. Girbi bai fi mako uku ya rage ba. Wayarsa ta yi ƙara, ɗaya daga cikin leburorin ne, ana jin muryoyin sauran a bayansa suna tambayar yadda aka ƙare. Ya gaya musu ya tsaya inda suka ce ya tsaya, kuma Alhaji aka tsayar. Ya roƙe su kada kowa ya kai wa Hindatou labari, shi zai faɗa mata da bakinsa idan ya iso.