Mai Keken da Ya Nufi Arewa

Duk wanda ya san bakin tekun Oregon ya san ba a nufar arewa a kan keke da bazara. Iska daga can take tasowa, shi ya sa masu doguwar tafiya kudu suke yi, tana tura su kamar 'yan gata. Vernon Tolliver ya san wannan sarai, tun yana saurayi yake bin titin bakin tekun. Amma ga shi yau da furfurarsa, tanti da tukunya ɗaure a keke, yana kokawa da iska kamar wanda aka yi wa baki.

Da gangan ya yi. 'Yarsa Joanie ta daina ɗaukar wayarsa tun da ya sayar da gidansu bayan rasuwar uwarta, ko shawara bai yi da ita ba. Kwanan baya ƙanwarsa ta tsegunta masa cewa Joanie ta taso daga Astoria da abokanta, za su gangara kudu. Titin ɗaya ne tal. In ya bi bayanta, ina tsoho ina kamo yara? In kuwa ya tare ta ta gaba, dole su haɗu. Wayon ke nan, in har wayo ne.

Abin da bai hango ba shi ne kaɗaici. Mai zuwa kudu yakan sami abokin hanya, su yini tare, su yi tsegumin tudu tare. Shi kuwa kowa a ɗaya hannun yake wuce shi. A zango a yi hira, a ci taliya a murhu ɗaya, gari na wayewa kowa ya juya masa ƙeya. Har ya fara yi wa tsuntsayen teku magana, su ma ba su damu da shi ba.

A Port Orford ya tsaya shan romon kifi.

"Baba, ɓatan kai ka yi, ko da iskar kuke 'yar tsama?" in ji mai kawo abinci.

"Wata nake nema."

"A shekarun nan naka? To, Allah ya ba da sa'a. Ka ci burodin nan dai, kada ta same ka a kwance."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya koma kan sirdi.

Bayan la'asar yana hawan wani dogon tudu, teku na ruri a ƙasa ta hagunsa, sai ga su sun ɓullo daga kwana, masu keke a jere suna gangarowa a guje. Ta biyun ita ce. Ko cikin dubu zai gane ta, don tun tana ƙarama take karkatar da kai gefe in gudu ya yi daɗi. Nan ne wayonsa ya ci shi: duk tunaninsa a shimfiɗaɗɗen wuri za su haɗu. Mai keke da kaya ba ya taka birki a gangara, ko don wa. Yatsu biyu ake ɗagawa daga kan hannun keke, gaisuwar ke nan.

"Joanie!"

Ta ɗaga yatsu biyu, ta wuce.

Ya sauke ƙafa ƙasa. Ya tsaya yana kallon titin da babu kowa a kai. Bai san ko ta gane shi ba, kuma rashin sanin ya fi komai ciwo.

Can sai ga wata mata mai jiki, sa'ar ƙanwarsa, tana saukowa a hankali, birkinta na kuka. Irin matsoratan nan ne da ake jira a gindin kowane tudu. Ta tsaya daidai shi, tana haki, waya a hannunta.

"Kai ne Vernon? Ni Darlene, tare muke da 'yarka. Yanzu ta kira ni daga ƙasa."

"Ta gane ni ke nan."

"Ta gane ka mana."

"Me ta ce?"

Darlene ta dubi tayarta ta gaba. "Ta ce in duba ko kana da ruwa. Ta ce ka rame."

"Shi ke nan?"

"Wallahi shi ke nan, bawan Allah. Ba zan ƙara maka gishiri ba."

Ya girgiza gorarsa, a cike take. Ya so a ce babu ko ɗigo.

"Ina za ku kwana?"

"Ba ta ce in faɗa maka ba." Ta gyara hularta, ta ɗora ƙafa a feda. "Ba ta kuma ce kada in yi tafiyar hawainiya ba. Ni dai ka ga, kowa na iya bina."

Ta saki birki kaɗan. Vernon ya jira wata babbar motar katako ta wuce, sannan ya tura kekensa ya tsallaka titin, ya juya shi kudu.