Wankan da Ya Kashe 'Yan Kanwa

Mako shida Denemadji ta yi a ɗakin bincike a Njamena tana rainon arkiya, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ta ɗebo daga tafkin kanwa a yankin Kanem. So take ta gano yadda suke buɗe wasu ƙwayoyin gadonsu su rufe wasu idan gishiri ya ɗan ragu musu. Ranar awo ta fita cin abinci, ta dawo ta tarar abin da ke cikin kwalabenta ya koma ruwa mai yauƙi.

Farfesa Ngarbaye, wanda ya shekara talatin yana aikin bakteriya, yana tsaye yana goge hannu.

"'Yata, na rage miki aiki. Na wanke miki halittun naki da tataccen ruwa."

"Tataccen ruwa, Farfesa? Ai waɗannan in babu gishiri fashewa suke yi!"

"Haka muke yi wa bakteriya tun ba a haife ki ba."

Ta ɗaga kwalba ɗaya tana kallo.

"Sannu da aiki, Farfesa," ta ce. "Zafin Kanem bai kashe su ba, kanwa ba ta kashe su ba, sai tsabtarka."