Tsamiyar Iya Turai

Mai injin yankan itace ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Kafin ya sake ja, sai ga Iya Turai ta fito daga lungu da ƙwarya a hannu, ta zauna daram a kan saiwar tsamiyar.

Saudatu, mai kwangilar ginin, ta matso. Ɗakin shan maganin da za a gina a nan shi ne kwangilar gwamnati ta farko da ta samu tun da ta gaji wurin buga bulo na mijinta a Tudun Wada. Matan gidan suna, waɗanda ba abin da ke wuce su, sun riga sun yanke cewa ko harsashi ba za ta fitar ba. Zanen ma'aikata kuwa ya ɗora kusurwar ginin daidai kan tsamiyar. In ta matsar da harsashi da kanta, a ƙi karɓar aikin. In ta tsaya jan ƙafa, damina ta rufe hanyar Burumburum.

Ta durƙusa ta gaishe ta. "Iya, aikin gwamnati ne, don Allah ki yi haƙuri."

"Wa ya ce miki hanawa na zo yi?" in ji tsohuwar, tana tsintar 'ya'yan tsamiya. "Sallama na zo yi mata. Shekarar da ruwan Tiga ya ci garinmu ina amarya, a ƙwarya na ɗauko ta, ko tsawon ludayi ba ta kai ba. Malam ya yi ta faɗa, wai na bar turmi na ɗauko ciyawa. Ku sare, 'yata. Jikata a bayan a-kori-kura ta haihu, a hanyar asibiti."

Saudatu ta miƙe. Daga nan ta sallami mai inji, ta sa magina ɗaurin rodi da ba wa bulo ruwa don kada yini ya tafi a banza, ta hau motar Kano.

Injiniya Ja'afar, mai kula da aikin, mutum ne da aka ce ko matarsa sai ta maimaita sallama kafin ya ɗago kai.

"Hajiya, zane ai zane ne."

"Shi ya sa ban taɓa shi ba, ranka ya daɗe. Akwai fili ta gabas, mai gari ya yarda. Ka zo ka gani. In ka ce a sare, a gabanka za a sare."

Da rana tsaka ya zo. Ya auna gabas, ya auna yamma, ya jiƙe sharkaf. Da ya tashi rubutu, ƙafarsa da kanta ta kai shi gindin tsamiyar. Ya cire hula ya yi fifita, ya ɗaga kai ya dubi rassan, sannan ya sa hannu a matsar da ginin.

Ruwan farko ya tarar an rufa kwano.

Ranar miƙa makulli, manya na jawabi, mata masu goyo sun cika inuwar. Iya Turai ta jawo mayafin Saudatu.

"Ke dai kin sa ni asarar hawaye. Ungo."

Ƙwaryar nan ce, cike da ƙasa, da ɗan tsiro mai ganye laɓu-laɓu.

"Na shuka ta ne ta maye gurbin uwarta, ga shi uwar ta ƙi tafiya. Kai ta inda za ki yi gini na gaba. Amma ki duba zanen tukuna."