Ba Ƙara, Ba Ƙura

Baunar tana can ƙarshen fili, kusan rabin mil daga layin 'yan harbi. Faifan ƙarfe ne aka yanka da siffar bauna aka shafe da baƙin fenti, kuma daga inda Orval Tollefson yake zama ba ta fi ƙuda a bango ba. Shekara da shekaru yana zuwa wannan gasa ta gabashin Montana da bindigar kakansa mai cin harsashi ɗaya tal, wadda ta girmi duk wanda ke filin. Al'adar wurin ba ta canzawa: tsohuwar bindiga, baƙin albarushi, harsashin dalma da mutum ya narka da hannunsa, sai kuma kayan kaboyi irin na zamanin kakanni. Akasarinsu tsofaffi ne masu furfura da tumbi, amma in ka ga yadda suke gyara malafa sai ka rantse angwaye ne.

A cikinsu babu wanda ya kai Verlin taurin kai. Shi ne yayan Orval, ya daina harbi tun da hannunsa ya fara rawa, sai ya koma cikin masu fenti, waɗanda ake kaiwa a mota lokacin hutu su shafe tabon harsashi a jikin ƙarafan. Kunnensa ya daɗe da tafiya, albarushi ya cinye shi.

Da rana ta take aka ɗaga jar tuta, kowa ya buɗe bindigarsa ya ajiye. Duane, mai kula da layi, ya miƙo wa Verlin falmaran mai ruwan lemo, irin ta masu gyaran titi.

"Baba Verlin, saka wannan a kan kwat ɗinka."

"Me ka ce?"

"Na ce ka saka wannan!"

Verlin ya riƙe ta da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera. "Kai Duane, a ina ka taɓa ganin kaboyi da rigar 'yan kwalta? Kai wa surukarka ta yi kwalliya."

Aka fashe da dariya. Orval ma ya yi, har ya ƙara da cewa, "Ƙyale Yaya, ko kabarinsa da wannan baƙar kwat ɗin zai shiga." Verlin bai ji ba. Ya ɗauki gwangwanin fenti ya hau ɗaya daga akori-kura biyun da za su shiga fili.

Orval ya ci wake da naman sa, ya sha kofi, ya goge bakin bindigarsa. Can sai motocin suka dawo, ɗaya a bayan ɗaya, suka zagaya bayan tantuna. Duane ya ga mota biyu sun fita, mota biyu sun dawo, sai ya sauke tuta.

Orval ne na farko a harbin bauna. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora bakin bindiga a kan sanduna biyu da aka gicciye. Matarsa Ardith ta zauna bayansa da madubin hangen nesa, don aikinta ke nan tun suna da ƙuruciya: shi ya harba, ita ta faɗa masa inda ya sauka. A irin wannan nisa mai harbi ba ya ganin komai. In ya samu, bayan numfashi biyu zai ji ƙarfe ya amsa daga nesa. In ya kuskure, mai madubi za ta ga ƙura ta tashi. Ko ƙara ko ƙura, babu na uku.

"Yaya iska, Ardith?"

"Daga hagu take, tana wasa. Zafi ma ya sa komai yana rawa, da ƙyar nake ganin baunar. Ka ɗan jira, Tsoho."

"In na jira iskar Montana, sai jikokina su zo su same ni nan."

Ya riƙe numfashi, ya taɓa kunamar bindigar. Daidai lokacin ya ji iskar ta ƙaru a kuncinsa, amma aikin gama ya gama. Bindigar ta daki kafaɗarsa, farin hayaƙi ya turnuƙe, ya bi ta kan Ardith ya rufe mata madubi.

Ya kasa kunne, ƙarfe bai amsa ba.

"Ina ya faɗa?"

"Ban ga ƙura ba."

"To duba da kyau mana."

"Ina dubawa. Babu ƙura ko'ina."

Wani daga gefe ya ce, "Orval ya aika wa mutanen Kanada gaisuwa!" Aka yi dariya. Orval bai yi ba. Ƙasar nan a bushe take ƙamas, ko tsakuwa ka jefa sai ta yi ƙura, balle dalma mai kaurin babban yatsa. Harsashin da bai buga ƙarfe ba, bai kuma taɓa ƙasa ba, to wani abu ya samu ya shige.

"Orval." Ardith ba ta ɗaga ido daga madubin ba, kuma muryarta ta canza. "Ɗazu ba na ganin haske ta ƙarƙashin cikin baunar nan, baƙi ne har ƙasa. Yanzu ina gani."

Ya juya ya dubi inuwar tantinsu. Kujerar Verlin tana nan, kofinsa yana kai, babu kowa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. A gefensa na biyu a layi ya riga ya ɗora kunci a kan bindiga.

"Tsaya! Kar wanda ya harba! Duane, ɗaga tuta!"

"Lafiya, Orval?"

"Ina Yaya? Wa ya dawo da Verlin?"

Aka kira direbobin. Na farko ya ce shi ya sauke shi a wurin bauna, ya wuce ƙarafan kusa, ya ɗauka abokinsa zai kwaso shi. Na biyu ya ce ai da ya ga wanda ya kai shi ya juyo, bai ma leƙa can ba. Suka tsaya suna kallon juna baki buɗe, manyan mutane da gemu. Duane ya dubi falmaran ɗin nan da ke rataye a jikin sandar tuta.

Orval bai san lokacin da ya shiga motar ba. Ardith ta faɗa kusa da shi, Duane ya haye baya yana kiran motar asibiti a waya, yana ta maimaita kwatance, don gari yana da nisa. Filin da harsashi ke ƙetarewa kafin a haɗiye yawu, yau ya ƙi ƙarewa. Ramuka, duwatsu, kwari, motar tana tsalle, kansa yana dukan rufi bai ji ba.

"Wataƙila yana bayan tudu," in ji Ardith. "Ka san shi da barcin rana."

"Eh."

"Wataƙila ciyawa ce ta shanye ƙurar."

"Ardith, don Allah ki yi shiru."

Shi ya zuba dalmar nan a daren hunturu a ɗakin ajiyarsa, yana auna kowane ɗaya, yana zubar da wanda bai cika ba. Ya san nauyinsa. Ya san abin da irinsa ya yi wa baunayen gaske har suka kusa ƙarewa a ƙasar nan. Yana ta roƙon Allah a zuci, kalma ɗaya yake maimaitawa, kada, kada, kada.

Baunar ta yi ta girma a gabansu har ta zama tsayin mutum. Fentinta sabo ne, yana sheƙi, babu tabo ko ɗaya. Gwangwanin yana ajiye a gindinta da burushi a kai, ciyawar wurin a kwance take inda mutum ya zauna ya jingina yana jiran mota. Malafa tana can gefe.

Verlin yana kwance taku kaɗan daga dama, cikin ciyawa, ya dunƙule. Orval ya diro daga mota, ya zube a gefensa.

"Yaya! Yaya!"

Idanun suka buɗe. Fuskar ta yi fari fat. Hannayensa biyu suna danne da cinyarsa ta sama, jini yana bulbulowa ta tsakanin yatsu, ƙasar ƙarƙashinsa ta jiƙe ta yi baƙi. Ardith ta fizge bel ɗin Orval ta ɗaure saman cinyar, Duane ya zura sanda yana murɗawa, yana zagin kansa.

"Kun daɗe," in ji Verlin, muryar can ƙasa.

"Yi shiru, Yaya, kar ka yi magana. Mota tana hanya."

"Me ka ce?"

"Na ce mota tana zuwa!"

"Daga gari?" Ya ɗan motsa baki kamar zai yi dariya. Dukkansu sun san nisan garin. Ya lalubo rigar Orval ya riƙe da hannu mai jini. "Na ga an sauke tuta. Na ɗaga malafa, ba wanda ya gani. Sai na ga hayaƙi a farkon layi."

"Ban gan ka ba, Yaya, wallahi ban gan ka ba."

"Na san kai ne. Na ce ƙanena ba ya kuskuren bauna, in na tsaya a jikinta na mutu. Shi ne na yi tsalle gefe." Ya ja numfashi da ƙyar, ya dube shi da mamaki na gaske, babu fushi a ciki. "Ashe yau ka kuskure, Orval."

Orval ya danna hannayensa biyu a kan raunin da duk ƙarfinsa, yana jin bugun jinin yana raguwa a tafinsa. Ya ɗaga kai ya dubi hanyar gari, babu ko alamar mota.