Haƙarƙari daga Abdulrauf

Maigandi da Abdulrauf mahauci sun daɗe ba sa ga maciji, ga su kuma a layi ɗaya a unguwar Harra ta Gabas, can birnin Manzo. Mafarin abin bai kai ya kawo ba. A wata walimar suna Maigandi ya ce naman Abdulrauf sai mai haƙoran kura, mutane suka yi dariya, Abdulrauf bai yi ba. Tun daga ranar, in sun haɗu a masallaci kowa kan nemi wani sahu.

Abin yana damun Maigandi. Yakan yi ta juya shi a zuciya yayin da yake tuƙa motar kai wanki otal-otal na tsakiyar gari. Ya san hukuncin gaba, ya kuma san shi ne ya ɓata. Amma a ganinsa naman da gaske akwai tauri, bai kuwa gano yadda ake neman gafarar maganar gaskiya ba tare da an yi sabuwar ƙarya ba.

Da Babbar Sallah ta ƙarato, ya biya layyarsa ta hannun masu yankawa su raba a madadin mutum, don haka ba naman da zai shigo gida. Matarsa Hajo ta ce ita ba ta taɓa ganin Sallar da tukunya ba ta san an yi ba. Ta ce ya je shagon Abdulrauf mana, ai ƙafa ba ta gaba. Bai je ba.

'Yarsu Najwa, wadda ake yi wa Hausa ta amsa da Larabci, ita ta nuna masa mafita a waya. Akwai masu sayar da haƙarƙarin shanu dafaffe a Riyad, su rufe shi a kwali mai sanyi su aiko har ƙofa, sai dai a ɗumama. Maigandi ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce a sayo, amma kada a gaya wa Hajo, don za ta ce naman da ya yi tafiya ya fi mai shi gajiya. Sunan masu sayarwar kuwa bai duba ba.

Kwalin ya iso ranar Sallah da azahar. Maigandi yana wurin aiki, Najwa ta tafi unguwar Ƙurban gaida ƙawayenta. Hajo ce ta buɗe ƙofa. A inda ta tashi, can Maraɗi, naman da ya ƙwanƙwasa ƙofa ranar Sallah ba saye ba ne, rabon layya ne, kuma tambaya ɗaya ake yi wa ɗan aike. Ta yi ta da ɗan Larabcinta: daga wa? Mutumin ya dubi takardar jikin kwalin ya karanto mata sunan kantin, ita kuwa kalma ɗaya ta kama, Abdulrauf.

Ta cika wa ɗan aiken hannu da cincin, ta sa masa albarka. Da yake ba a mayar da kwanon aike fanko, wannan kuma ba kwano ne da shi ba, sai ta ɗauko nata na tangaran, ta shaƙe shi da waina da miyar taushe, ta kai wa Fatna matar Abdulrauf da kanta. Ta ce a gaya wa Alhaji, Malam yana gaisuwa, kuma Allah ya saka.

Da Maigandi ya dawo ya ji labari, sai ya zauna bai ko cire takalmi ba.

"Ka gani, Malam," in ji Hajo. "Kai da ka yi ɓarin baki kana zaune, shi da aka ɓata wa shi ya fara."

Najwa ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Ya ci naman. Akwai laushi, ba ƙamshin hayaƙi. Yana ci yana lissafin abin da ke gabansa. In ya faɗi gaskiya, wainar ta zama kuskure, gaisuwar da aka kai da sunansa ta zama ta bogi, gaba kuma ta koma inda take har da ƙarin kunya. In ya yi shiru, an shirya, amma a kan naman da wani Abdulrauf daban ya dafa a Riyad. Ayyuka da niyya suke, shi kuwa niyyarsa kaɗai ita ce ya kauce wa shagon mutumin.

Kashegari bayan la'asar aka yi sallama. Abdulrauf ne, da farar jallabiya da kwanon tangaran a hannu, cike da soyayyar hanta. Suka gaisa, kowa yana kallon kafaɗar ɗan'uwansa. Hajo ta leƙo ta yi ta godiyar haƙarƙari, ta ce ba ta san ya iya gashi haka ba, har ta ɗauko kwalin don ya ga ta adana shi.

Abdulrauf ya karɓi kwalin. Ya juya shi, ya karanta takardar a hankali har ƙasa, ya ajiye. Ya ce wa Hajo ba komai, Allah ya maimaita. Aka kawo shayi, suka yi hirar zafi da cunkoson alhazai da ke tafe daga Makka.

Da ya tashi tafiya Maigandi ya raka shi bakin ƙofa. A nan ya tsaya ya gyara murya.

"Alhaji, akwai abin da ya kamata ka sani game da naman nan."

"Abu Najwa, na iya karatu."

"To?"

"To, ni waina aka kawo mini. Ita ma daga Riyad take?"

"A'a. Amma ba ni na aiko ba."

Abdulrauf ya sa takalminsa, ya dube shi.

"Yanzu da ka sani, a dawo maka da ita?"

Maigandi ya yi tunani sosai, don ba ya son ya amsa abin da bai tabbatar ba. Ya ce a'a. Sannan ya miƙa hannu, Abdulrauf ya kama.