Takalmin Bakin Ƙofa

Wilma Hruska na naɗe faranti da tsohuwar jarida, tana jan aikin kamar wadda aka ɗauka don ta ɓata lokaci. 'Yarta Janelle kuwa tuni ta cika rabin a-kori-kurar da ta aro daga birnin Omaha.

"Mama, tun ɗazu farantin nan ɗaya kike wa kwalliya."

"Shi ma ba son tafiyar yake ba."

Tun da Wilma ta zame a ƙanƙara bara, ta yi wuni guda a ƙasa ba wanda ya sani, Janelle ta kafe sai ta koma birni wurinta. Wilma ta amsa da baki kawai. Zuciyarta tana nan a gonar, musamman a jikin shingen da mijinta Orval ya bari.

Shingen ba wani abu ba ne, dirkoki ne da waya, sai dai kowace dirka an kifa mata tsohon takalmin makiyayi, tun daga ƙofar gona har inda ido ya gaza. Orval ya fara da nasa da ya tsufa, maƙwabta suka kawo nasu, daga baya masu kawo na mamatansu suka fi yawa. Kafin ka ce kwabo mutane na baro jihohi masu duwatsu da teku, su zo wannan fili na Nebraska da babu komai sai ciyawa da shanu, don su ɗauki hoton takalma. Ɗan Adam ke nan. Orval kan ba su kofi, ya cika su da labari, rabinsa ƙarya.

Takalmin bakin ƙofa shi ne mai magana. In bakinsa na kallon gida, akwai mutane, a shigo. In yana kallon titi, ba kowa. Ran da aka binne Orval, Wilma ta juya shi ya kalli titi, ba ta ƙara taɓa shi ba, don ba za ta iya zuba wa baƙo kofi a kofin mijinta ba.

"Ko mota ba ta tsayawa yanzu," in ji Janelle. "In kin sake faɗuwa, shanu za su kira ni?"

Ba ta rufe baki ba suka ji hucin birkin tirela. Wani ƙato mai furfura a gemu ya taho, hula a hannu ɗaya, takalma biyu a ɗayan.

"Sannunku da gida. Sunana Duane. Na ga an juya takalmi, shi ne na ce yau dai Allah ya yi."

Wilma ta dubi Janelle. Ashe da safe, garin shigo da mota da baya, Janelle ta bangaji dirkar, takalmin ya waiwayo.

"Bawan Allah, kuskuren direba ne," in ji Wilma. "Ga ta nan, 'yar birni."

"To ni dai kuskuren ya yi min rana, Mama. Duk mako nake bin hanyar nan da shanu. Takalman babana ne, tun rasuwarsa suke bayan kujerata. Ya ce a jikin shingen Orval yake so a kifa su, kuma ba na kifawa a bayan idon masu gida."

"Duk mako?" Janelle ce ta tambaya.

"Ni kaɗai? Duk direbobin hanyar nan sai mun rage gudu mun duba. Mukan tambayi juna a rediyo, yau ina takalmin ya kalla? Da mun san akwai mutum a ciki, ai da mun dame ku."

Kunya ta kama Wilma, da wani daɗi da ta manta irinsa. Ita ta rufe ƙofa, ta zauna tana cewa duniya ta manta da ita.

Ta buɗe kwalin da ta hana kowa taɓawa, ta fito da takalman Orval na ƙarshe, waɗanda ta kasa rabuwa da su. Su uku suka taka har ƙarshen shinge inda sauran dirkoki ke tsaye ba komai a kansu. Duane ya kifa na babansa, ita ta kifa na mijinta a gefe.

"Orval, ga abokin hira na kawo maka," ta ce. "Ka rage ƙarya."

Da suka dawo Wilma ta ɗora kofi, ta zaro kofin Orval daga cikin jarida ta miƙa wa baƙon. Janelle ta karɓi lambarsa, ta sa ya yi alkawari har sau biyu cewa duk ran da ya ga takalmi na kallon gida amma babu hayaƙin murhu na tashi, zai tsaya ya buga ƙofa.

"Ki zauna, amma zuwa faɗuwar ƙanƙara kawai, Mama. Daga nan sai mu sake magana."

"Allah ya kai mu. Sauke min kujerata."

Da yamma Janelle ta fita da motar ba kaya. A bakin ƙofa ta tsaya ta sauko. Wilma na kallo ta taga. Yarinyar ta kama takalmin, ta daidaita bakinsa sosai ya fuskanci gida, sannan ta tsinci guntuwar waya ta ɗaure shi don kada iska ta juya shi.