Wasiƙa Zuwa Zurmi

"Ɗaga ni in zauna," in ji Baba Namadi. "Ba a jin labarun duniya a kwance."

Armiya'u ya sa hannu ƙarƙashin hammatarsa ya jingina shi da bangon zaure. Tsohon ba shi da sauran nauyi sai a ƙafafu, waɗanda suka kumbura har silifa ta daina shiga. Ya gyara masa matashi, ya murɗa rediyo. Mai karanta labarun rana yana cewa matakan da gwamnati ta ɗauka sun fara haifar da ɗa mai ido.

"Kashe," in ji Baba Namadi. "Na ji wanga jiya."

Kwana goma sha biyu ke nan da yanke layin waya a duk faɗin Zamfara, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka. Armiya'u shagon cajin waya gare shi a bakin tashar mota ta Kaura Namoda. Da layi ya ɗauke, janareta kuma ba mai, sai ya sa wa shagon kwaɗo ya dawo gida. A nan ya lura maƙwabcinsa ya kwana biyu bai fito masallaci ba.

Baba Namadi ya yi shekara talatin yana aiki a tashar jirgin ƙasa, tun jirgi yana zuwa har ya daina. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza biyu sun riga shi, saura mace ɗaya, Ummusalma, da ke aure a Zurmi. Duk Juma'a takan kira shi bayan an sauko. A asibiti an ce masa zuciya ce, aka ba shi ƙwayoyi ya dawo gida.

"Shekarag ga ta gajisshe ni, Armiya'u," in ji shi, yana ja da numfashi tsakanin magana. "Tun da sanyi anka kwashe ɗiyan mutane daga makaranta, munka ce to, an kai ƙarshe. Damina na faɗuwa manyan siyasa sunka canza hula, wanda ya zage ka jiya ya zo yau shina ce maka ɗan uwa. Yanzu ba kasuwa, ba waya. Iska kaɗai ta rage ba a rufe ba."

"Baba, bari in aika wa Ummusalma."

"Da mi? Da tantabara?"

"Da takarda. Shu'aibu direba na shiga Zurmi in ya samu mai."

Tsohon ya kama hannun rigarsa da ƙarfin da Armiya'u bai zaci yana da shi ba. "Kul. Ka san hanyag ga. In ta taso sunka tare ta cikin daji, wa za ka kira? Ɗiya ukku gare ta. Ni na ci zamanina. Ka bar ta inda take."

Armiya'u ya bar maganar kwana uku. A kwana ukun nan tuwo ya daina wucewa, sai kunu, kunun ma cokali huɗu. Hamdiyya matar Armiya'u ce ke damawa ta miƙo ta kan katanga. Ran Laraba da hantsi ya mayar mata da kwanon kusan yadda ta ba shi, ta duba ciki ta dube shi.

"Malam, in ya cika ba ta gan shi ba, kai za ta riƙe har ta mutu."

"In kuma anka ɗauke ta a hanya hwa? Wa zai ɗauki wanga alhaki?"

"Ubanta ne. Ka sanar da ita, ita ta zaɓa."

Ya zauna a kan turmi ya yago takarda daga tsohon littafin makaranta. Rabonsa da rubuta wasiƙa tun yana aji shida. Ya rubuta gaisuwa, ya tsaya. Ya rubuta cewa jikin Baba ya yi tsanani, ya soke, ya sake rubutawa yadda yake. A ƙasa ya ƙara cewa Baba ya ce kada ta zo saboda hanya, don bai ga yadda zai ɓoye mata wannan ba.

A tasha ya iske Shu'aibu kwance ƙarƙashin motarsa yana ɗaure salansa da waya. Direban ya fito ya buɗe wata baƙar leda, ga ta maƙil da takardu naɗe-naɗe, kowace da sunan unguwa a bayanta.

"Mun koma zamanin kakanni," in ji Shu'aibu. "Sanarwar suna, ta rasuwa, har da saki guda. Sa taka ciki. Amma ban yi maka alkawalin rana ba. Sai na samu mai, sai kuma sojoji sun ba da hannu."

Motar ta tashi ran Alhamis. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, daidai lokacin da wayar takan yi ƙara, Baba Namadi ya ƙura wa rufin zaure ido. Armiya'u ya kasa riƙewa.

"Baba, na aika."

"Yaushe?"

"Jiya motar ta tafi."

"Ka saɓa mani."

"Na saɓa, Baba. Ka yafe."

Tsohon bai ce ya yafe ba. Ya daɗe yana numfashi da baki, sannan ya ce, "Ce wa Hamdiyya ta share ɗakin uwar Ummusalma. Akwai gidan sauro cikin akwati." Ya sa aka juya masa shimfiɗa ta fuskanci ƙofa. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya ɗaga kai, in ƙarar ta yi nisa ya mayar.

Ya cika ran Asabar da hantsi, Armiya'u na laƙƙana masa kalmar shahada. Bai yi wata wahala ba, numfashin ne ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Sanarwa da ƙafa aka yi ta. Armiya'u ya bi gida-gida yana sallama, ladan ya faɗa ta lasifika. Tsofaffin abokan aikinsa na jirgi, na Gusau da na Shinkafi, ba wanda ya ji. Mutumin da rabin garin ya sani, sahu biyu da ɗan kai suka sallace shi. Kafin azahar an dawo daga maƙabarta, ƙasar damina na manne da takalman mutane.

Armiya'u bai samu natsuwa ba. Yana karɓar gaisuwa a kan tabarma, idonsa na kan titi. Wani ya ce an ji harbi wajen hanyar Zurmi ran Juma'a, wani ya ce ƙarya ne, ba kuwa wanda za a kira a tambaya. Ya yi ta tuna hannun tsohon a kan rigarsa.

Sai ran Litinin da la'asar Ummusalma ta iso, ita kaɗai, da ƙunshi a ka. Daga bakin lungu ta hango tabarmi da butoci a ƙofar gida, ta rage tafiya. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zo ta durƙusa gefe ta gaishe da mutane, sannan ta dubi Armiya'u.

"Yaushe?"

"Shekaranjiya da hantsi."

"Jiya takardar ta zo hannuna. Motar kwana ukku ta yi a shingen sojoji. Mu ma yau an ce akwai mutane gaba, direba ya sauke mu, munka zagayo ta gonaki da ƙafa. Yaya Armiya'u, ya san ina tahe?"

"Ya sani."

"Ya yi faɗa?"

"Ya yi, kaɗan."

Ta gyaɗa kai. Hamdiyya ta fito ta sauke mata ƙunshin, fura ce a ƙwarya, wadda Ummusalma ta kirɓa wa mahaifinta da asuba. Ummusalma ta ce a dama wa masu zaman makoki kada ta yi tsami.

Ba ta shiga ciki nan da nan ba. Ta zauna a dokin ƙofar zaure ta miƙe ƙafafu. Bakin zanenta duk ƙarangiya ce ta gonakin da suka ratso. Ta sunkuya tana cire su ɗaya bayan ɗaya, tana tara su a gefenta a ƙasa.